Ginin Kalma: Hanyar da Ta Dace a Koyar da Ingilishi a Ƙonni da Adar

A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka zartar da sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Cacar bakin da ta biyo baya ta fi karkata kan abu biyu: ko an kyauta wa Zabarmawa da Barebari da Fulani da Abzinawa, da kuma ko Faransanci ya kama hanyar barin ƙasar ke nan. Ingilishi ya shige ta gefe, kaɗan ne suka tsaya suka tambayi yadda za a koyar da shi har ya zama harshen da ɗan ƙasa zai iya aiki da shi da gaske. Ga mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela ta Adar kuwa wannan tambaya ta shafi rayuwarsu ta yau da gobe, domin suna zaune ne a bakin Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, wadda kuma takardunta duka da Ingilishi ake rubuta su. Ra'ayina shi ne a daina koya wa yaran wannan yanki Ingilishi ta hanyar haddace kalmomi ɗaya bayan ɗaya. A koya musu yadda ake gina kalmar Ingilishi da yadda ake kwance ta, a kuma fara daga abin da suka riga suka sani, wato Hausarsu da Faransancin da suka yi shekara shida suna fama da shi a firamare.

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato 'yan kilomitoci ne kawai, kuma daga nan zuwa birnin Sakkwato bai cika kilomita 100 ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, kuma Ƙonni tana cikin da'irar. Gyaran da suka yi a 1904 ne ya mayar da ita hannun Faransa. Da ba a yi wannan gyara ba, da jikokin waɗanda suka tsira daga ta'asar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta 1899 Ingilishi suke karantawa yau. Jama'a ɗaya ce, dangi ɗaya, amma bakinta ya ɗauki aro daga Turawa biyu. A wannan gefen 'yan duwan, a wancan gefen kwastan. Nan kamyo, can lori. Nan lakwal, can kuwa kalmar gida, makaranta. Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi kafin a ci gaba. Ɗan kasuwar da ya ɗauko albasar Galmi zuwa kasuwar Illela ta ranar Lahadi, ko wanda ya tsallako ya ci kasuwar Ƙonni ta Laraba, ba ya bukatar kalmar Ingilishi ko ɗaya don ya yi ciniki. Hausa ta ishe shi tun daga sallama har zuwa ƙirga kuɗi. Ingilishin da mutumin Ƙonni yake bukata na takarda ne: na fom ɗin neman shiga jami'a a Sakkwato ko Zariya, na takardar fiton kaya, na allon waya, na rubutun da ke jikin kwalin magani da galan ɗin feshi. A ɗauki kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Nijeriya, a juya shi. Za a ga *antimalarial*, a ga *overdose*, a ga *discontinue*, a ga *contraindication*, a ga *unsuitable*. Babu ɗaya daga cikinsu da ake ji a tasha, kuma kowace ɗaya ginanniya ce daga guntaye biyu ko uku waɗanda za a iya rabawa a gane ma'anar kowane.

Yadda aka saba koyarwa a kwalejoji da yawa sananne ne. Malam ya raba allo gida biyu, ya jera kalmomin Ingilishi a hagu, ya sa fassararsu ta Faransanci a dama, yara su kwafe, su haddace, a tambaye su ranar jarrabawa. Laifin ba na malami ba ne shi kaɗai. Haka aka koya masa, kuma littattafai ba su wadata ba. Amma lissafin ba ya fita. Wasu masu bincike biyu a Amurka, William Nagy da Richard Anderson, sun ƙiyasta a 1984 cewa littattafan da ɗaliban makarantun can suke karantawa suna ɗauke da zuriyar kalmomi wajen 88,500. Ko yaro ya haddace kalma ashirin kowane mako tun daga ajin farko na kwaleji har ya ɗauki jarrabawar BAC, abin da zai tara bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba. Abin da ya fi muhimmanci a binciken nasu shi ne fiye da rabin sababbin kalmomin da ɗalibi zai ci karo da su ana iya gano ma'anarsu daga guntayen da aka gina su da su. Bakaniken da ya iya kwance inji ya mayar ba ya tsorata don an kawo masa motar da bai taɓa gani ba, domin ya san fiston da kulaci da birki duk inda ya gan su. Irin wannan ƙwarewa ce muke hana yaranmu idan muka tsaya kan hadda.

Misali ɗaya zai isa a ga yadda abin yake aiki. A Latin, tsohon harshen Rumawa, akwai aikatau *portare* mai ma'anar ɗauka. Daga saiwarsa Ingilishi ya samu *transport*, ɗauka a tsallakar. *Export*, ɗauka a fitar. *Import*, ɗauka a shigo. *Deport*, ɗauka a kora. *Report*, ɗauko labari a dawo da shi. *Support*, ɗauka daga ƙasa, wato tallafi. *Porter*, ɗan dako. Da *portable*, abin da ke ɗaukuwa, sunan da mutanen Nijar da yawa suke kiran wayar hannu da shi ba tare da sun taɓa tunanin daga ina ya fito ba. Kowace daga cikinsu kuma tana haihuwa: *exporter*, *importation*, *unsupported*. Darasi guda ya ba yaro kalmomi talatin, ya kuma ba shi ɗafa-goshi biyar ko shida da zai sake tararwa a jikin wasu saiwoyin. Ɗafa-goshin ma ba su da yawan da zai firgita kowa. Binciken da White da Sowell da Yanagihara suka wallafa a 1989 ya nuna cewa guda 20 kacal ne suke ɗauke da kashi 97 cikin ɗari na kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan makaranta, kuma huɗu daga cikinsu, *un-* da *re-* da *in-* da *dis-*, su kaɗai sun kwashe kashi 58. Abin da za a iya koyarwa cikin zango ɗaya ne. Manomin albasa a Galmi ko mai lambu a filayen ban-ruwa na Ƙonni, idan ɗansa ya san cewa *-cide* kisa take nufi, zai bambance masa *herbicide* mai kashe ciyawa da *insecticide* mai kashe ƙwari da *fungicide* mai kashe ruɓa, kuma wanda ya taɓa ganin gonar da aka fesa wa maganin ciyawa bisa kuskure ya san bambancin ba ƙarami ba ne.

Dalilin da ya sa Faransanci zai taimaka wa wannan yaro yana cikin tarihin Ingila. Asalin Ingilishi harshen ƙabilun Jamusawa ne da suka ƙetara zuwa tsibirin a ƙarni na 5. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, kuma kusan shekara 300 bayan haka Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje; sai a 1362 aka kafa dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. Cikin wannan tsawon lokaci dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin harshen talakawa. Saniya tana makiyaya da sunanta na Ingilishi, *cow*, amma idan namanta ya iso teburin basarake sai ya zama *beef*, daga *bœuf*; tunkiya *sheep* ce, namanta *mutton*, daga *mouton*. Kalmomin mulki da shari'a da soja da addini da yawa ta nan suka shigo: *government*, *justice*, *army*, *religion*. Daga baya kuma masana suka yi ta ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci don kimiyya da likitanci. Lokacin da Finkenstaedt da Wolff suka ƙidaya kalmomin wani babban ƙamus na Oxford a 1973, sun tarar wajen kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suke, wani kashi 28 daga Latin, kashi 25 ne kawai na asalin Jamusanci. Jerin kalmomin karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai zuriya 570, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa daga Latin da Girkanci ne. Ma'ana, Ingilishin takarda, wanda shi ne mutumin Ƙonni yake bukata, shi ne ɓangaren da ya fi kusa da Faransanci. A wannan fage ɗalibin Malbaza yana gaban takwaransa na Sakkwato, ko da yake ba a taɓa gaya masa ba.

Kuma kusancin yana bin ƙa'idoji da za a iya rubutawa a shafi ɗaya. Abin da ya ƙare da *-té* a Faransanci yakan ƙare da *-ty* a Ingilishi, kamar *liberté* da *liberty*. *-Eux* ya koma *-ous*, *-ique* ya koma *-ic*, *-aire* ya koma *-ary*, *-iser* ya koma *-ize*. Inda Faransanci ya ɗora wa wasali 'yar hular nan, sau da yawa wani *s* ne ya faɗi, Ingilishi kuwa ya riƙe shi: *hôpital* da *hospital*, wanda mu muka mayar asibiti, *forêt* da *forest*, *côte* da *coast*. Haka *é* na farkon kalma: *état* da *state*, *étude* da *study*, *étranger* da *stranger*. Kalmar da ke jikin buhun simintin Malbaza, *ciment*, harafi ɗaya ne tsakaninta da *cement* na buhun da ya fito daga Sakkwato, kuma dukansu daga kalmar Latin ce mai nufin tsakuwar da aka fasa daga dutse.

Amma a ganina Hausa ta fi Faransanci amfani a nan, don Faransanci kalmomi yake ba yaro, Hausa kuwa ita ce ta riga ta koya masa dabarar gina su tun kafin ya shiga lakwal. Yaron da ya ce karanta, karatu, makaranta, makaranci, karantar, karance-karance, ya riga ya san saiwa ɗaya tana iya haifar da aiki da sunan aiki da wuri da mai yi. Ɗafa-goshin *ma-* shi kaɗai yana ba da mai aiki kamar manomi da maƙeri, da wurin aiki kamar maƙera da majema, da kayan aiki kamar mabuɗi da ma'auni. Idan malam ya rubuta noma da manomi, ya sa *farm* da *farmer* a gefensu, ya rubuta buɗe da mabuɗi kusa da *open* da *opener*, ba sai ya yi dogon bayani a kan *-er* ba. Mai amfani da maras amfani su ne *useful* da *useless*. Shugaba da shugabanci su ne *leader* da *leadership*, aboki da abokantaka *friend* da *friendship*. Ba'adare da Adarawa da Adaranci, Bagobiri da Gobirawa da Gobiranci, tsari ne da ya fi na Ingilishi daidaituwa, domin Ingilishi yana tsalle tsakanin *-ian* da *-ese* da *-ish* ba tare da dalili bayyananne ba.

Aikatau na Hausa ya ma fi wannan zurfi. F. W. Parsons ya tsara shi a 1960 zuwa rukunai bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, tsarin da masana suke amfani da shi har yau, kuma Paul Newman ya faɗaɗa bayaninsa a babban nahawunsa na 2000. Amma ko yarinyar da ke tallan fura a Badagishiri tana sarrafa su ba tare da kuskure ba: saya, sayo, saye, sayar, sayu, fita, fito, fice, fitar. Wanda ya ji bambancin fita da fito da fitar a bakinsa zai gane *go out* da *come out* da *take out* cikin sauƙi idan an nuna masa dangantakar. Wasalin *-u* na gyaru da karantu da sayu shi ne aikin da *-able* yake yi: abin da ke gyaruwa *repairable* ne, rubutun da ba ya karantuwa *unreadable*. Ɗafa-ƙeyar da ke cikin zamanantar da siyasantar daidai take da ta *modernize* da *politicize*. Hatta harɗa aikatau da suna a samu sabon suna, kamar fasa-ƙwauri da dafa-duka da hana-salla, Ingilishi yana yi a *pickpocket* da *breakfast*, Faransanci yana yi a *porte-monnaie*. Ba cewa nake harsunan 'yan uwan juna ne ba. Hausa daga zuriyar Cadi take, cikin babban gidan da ya haɗa da Larabci da Tamajak, Ingilishi kuwa daga wani gida dabam. Bukatar ɗan Adam ce iri ɗaya, kowane harshe ya nemi hanyar biyanta.

Shaidar cewa wannan dabara tana raye ita ce abin da Hausa take yi wa baƙuwar kalma. Ba ta ajiye ta yadda ta zo. Mota ta samu jam'i motoci, ofis ofisoshi, direba direbobi. Likita ya haifi likitoci da likitanci, lebura leburori da leburanci. Daga *change* aka samu canji, daga canji aka ƙera aikatau canza, wanda yanzu yake da canzo da canzu kamar kowane aikatau na gado. Mafi ban sha'awa shi ne *mechanic*: kunnen Bahaushe ya ji farkonta kamar *ba-* na Bature da Bakano, sai ya yi bakanike, ya cire *ba-* ɗin a jam'i ya ce kanikawa, ya kira sana'ar kanikanci. Wani lokaci kuma akan haɗiye kalma tare da harafin da ke gabanta. Albasa daga *al-basal* take, alƙali da alƙalami da littafi da liman duk sun shigo da *al-* na Larabci manne a jikinsu, kuma abin da ya faru ke nan da *l'école* ta zama lakwal, da *l'impôt* ya zama lanho a bakin mutanen Nijar. Ingilishi ma ya yi haka da *algebra* da *alcohol*. Akwai kalmomin da suka yi dogon zagaye suka dawo suka haɗu a Ƙonni: *makhazin* ta Larabci, rumbunan ajiya, ta bi ta Italiya ta zama *magasin* a Faransa, ta zama *magazine* a Ingila, ta zama mangaza a wurinmu; *sifr* kuma ta ba mu sifiri, ta ba Faransawa *chiffre*, ta ba Ingilishi *cipher* da *zero*. Yaron da aka nuna wa wannan zai daina kallon Ingilishi a matsayin wani tsarkakken abu da ya sauko cikakke. Zai gan shi harshe ne mai aro da gyaran aro, kamar nasa.

Kuma wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Karatun zaure ya daɗe da sanin cewa ba a mallakar Larabci sai da sarfu. Almajirin da ya san *kataba* yana fitar da *kitab* da *katib* da *maktub* da *maktab* da kansa, ba ya jiran malam ya fassara masa kowace. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya ga muhimmancin fannin har ya tsara masa littafi guda cikin waƙa, *al-Hisn al-Rasin*. Yaran Ƙonni da Illela da yawa suna zuwa makarantar allo ko islamiyya kafin lakwal ko tare da ita. Abin takaici ne a ce yaro ya koyi kwance kalma da safe a gaban malamin zaure, da rana kuma a ce masa Ingilishi sai hadda.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba: Ingilishi harshe ne mai yawan karya ƙa'idarsa. *Corner* ba mai yin *corn* ba ne, *uncle* ba kishiyar wani abu ba ne, kuma wanda ya raba *understand* gida biyu ba zai tarar da fahimta a ciki ba. Akwai ma mai haɗari. A garin da ake sayar da fetur cikin kwalabe da jarkoki a bakin titi, yaron da ya koyi cewa *in-* korewa take yi zai iya karanta *inflammable* ya ɗauka abin ba ya kama wuta, alhali nufinta yana kamawa nan take. Tsakanin Faransanci da Ingilishi kuma akwai kalmomin da suka yi kama a fuska suka saɓa a ma'ana: *library* ɗakin karatu ne, *librairie* kantin littattafai, *attend* halarta ce, *attendre* jira, *actually* ba *actuellement* ba ce. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan ƙididdigaggu ne, ana iya jera mafi yawan aukuwarsu a koyar da su a matsayin togaciya, yayin da kalmomin da suke bin ƙa'ida dubbai ne. Abin da sukar take nunawa shi ne a koya wa yaro mataki na biyu: bayan ya kwance kalma ya yi hasashe, ya mayar da hasashen cikin jimla ya ga ko ya zauna, in bai zauna ba ya nemi ƙamus. Ya kamata kuma a raba ginin kalma, wanda kowa zai iya gwadawa, da binciken asalinta, wanda yake bukatar hujja. Shekaru da yawa ana maimaita cewa boko daga *book* ta fito, har a littattafan masana, saboda kamannin sauti kawai, sai da Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin yaudara ko na jabu. Malamin da zai shiga wannan fage dole ya koyi cewa kama ba hujja ba ce.

Suka ta biyu ita ce wannan duka karatu ne na ido, ba ya koya wa yaro buɗe baki. Na yarda da rabinta. *Nation* na Ingilishi da *nation* na Faransanci rubutu ɗaya ne, amma furucinsu ya yi nisa da juna, kuma inda ake danna murya a *photograph* ba nan ake danna ta a *photography* ba. Kalmomin yau da kullum, irin su *get* da *put* da *give* da *bread* da *water*, na asalin Jamusanci ne, Faransanci ba zai taimaka da su ba, kuma *give up* ko *put off* sai an ji su an yi amfani da su. Wannan ɓangare sai da sauraro da maimaici, kuma rediyoyin Nijeriya da waya sun sa yaran bakin iyaka sun fi na cikin ƙasa samun damar ji. Sai dai kalmomin wannan rukuni ba su da yawa, kuma su ne dama littattafan kwaleji suke ta nanatawa shekara bayan shekara. Inda ɗalibi yake tuntuɓe shi ne ranar da ya bar zancen gaisuwa da tambayar hanya ya buɗe littafin kimiyya ko takardar yarjejeniya. Ginin kalma ma yana taimakon furuci fiye da yadda ake zato, domin ɗafa-ƙeya irin su *-tion* da *-ity* da *-ic* suna jawo dannin murya zuwa gaɓar da ke gabansu kusan kullum, kuma wanda ya san haka zai furta ɗaruruwan kalmomi daidai tun bai ji su ba.

Akwai masu cewa jingina Ingilishi da Faransanci tamkar shigo da wanda aka kora ne ta ƙofar baya, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, kuma Ƙonni tana cikin garuruwan da suka fi cancantar jin sa. Amma Faransancin da ke kan ɗan Malbaza mallakarsa ne, da guminsa da kuɗin iyayensa ya same shi, ba bashi ba ne da Faris za ta biyo. Malaman da ke cikin azuzuwa yau da shi aka horar da su. Zubar da shi don nuna fushi zai jawo wa yaro ƙarin shekaru na wahala, ba zai rage wa Faransa komai ba. Wasu kuma, daga ɓangaren masana koyarwa, za su ce ajin Ingilishi ya kamata a yi shi da Ingilishi zalla. Wannan yana aiki inda yaro zai fita daga aji ya ci gaba da jin harshen a gida da titi. A Illela ta Adar ko Dogarawa hana malami ambaton Hausa ba ya sa yara tunani da Ingilishi, shiru kawai yake sa su. Game da yaran Fulani da Abzinawa da ke cikin waɗannan azuzuwa, mafi yawansu suna jin Hausa tun suna ƙanana, kuma Fulatanci da Tamajak suna da nasu tsarin gina kalma mai faɗi wanda malami mai basira zai iya tambayar yaro ya kawo misali daga ciki.

Ribar ba ta tsaya kan Ingilishi ba. Harshen da aka ɗora wa nauyin zama harshen ƙasa zai bukaci kalmomi na shari'a da kasafi da likitanci da injiniyanci, kuma dole wani ya yanke shawarar wace za a aro, wace za a ƙera. Hausa ta nuna tana iyawa: jirgin sama, yanar gizo, hauhawar farashi, ɗumamar yanayi, zaɓen fid da gwani, duk an ƙera su kuma sun karɓu. Amma wanda bai iya kwance *decentralization* ya ga tsakiya da rabawa da sunan aiki a cikinta ba, ba zai iya samo mata Hausa mai ma'ana ba. Zai dai lanƙwasa sautinta ya rubuta. Haɗarin da ke gabanmu shi ne Yamai ta lanƙwasa kalmar Faransanci, Kano ta lanƙwasa ta Ingilishi, Hausar takarda ta rabu biyu a daidai lokacin da ya kamata ta haɗe, bayan ƙoƙarin daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Mutanen da suke jin ɓangarorin biyu a kunnensu kullum, wato na Ƙonni da Maraɗi da Illela ta Sakkwato da Jibiya, su ne suka fi dacewa su shiga wannan aiki, in an ba su horon.

Kayan aikin ba su da tsada. Nijar tana gwada makarantu masu koyarwa da harshen uwa tun 1973, saboda haka akwai gogewar da za a ɗora a kai. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, kuma Bernard Caron ya yi cikakken nazarin Hausar Adar a littafinsa na 1991, wanda zai taimaka a ba yaran Illela da Tajaye misalai da irin Hausar da suke yi a gida. Abin da ya rage shi ne ɗan littafi mai shafi arba'in ko hamsin wanda zai jera ɗafa-goshi 20 da ɗafa-ƙeya 20 da saiwoyin Latin da Girkanci kamar 50, kowane da takwaransa na Faransanci da makamancinsa na Hausa, tare da shafi biyu na kalmomin da suke yaudara. Malaman Ingilishi na kwalejojin Ƙonni da Malbaza da Illela, tare da masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani a Tawa da sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, za su iya rubuta shi cikin hutun damina ɗaya, a gwada shi a 'yan azuzuwa, a kwatanta sakamakon jarrabawar BEPC ɗinsu da na sauran kafin a yanke hukuncin faɗaɗa shi.